Abin da ya sa manhaja ke mutuwa alhali wayarka lafiya lau

Yau ra'ayi na zo da shi, amma wanda ya daure ya kai ƙasa zai samu 'yan abubuwan da zai duba a wayarsa.

A tarukan da masu haɗa manhajoji ke yi, irin su DevFest da ƙungiyoyin GDG ke shiryawa a birane daban-daban wajen ƙarshen shekara, akwai batutuwa biyu da nake ganin ba a ba su haƙƙinsu. Na farko, yadda za a tsara manhaja ta yadda rayuwarta ba za ta rataya a kan firemwok guda ɗaya ba. Na biyu, yadda ake sasanta rigima tsakanin mutanen da ke aiki tare a kan manhajar. Abin da ya fi jan matasa shi ne "Flutter ko React, wanne ya fi kawo kuɗi?" Ban ga laifinsu ba, kowa abinci yake nema. Amma waɗancan batutuwa biyu su ne ke yanke hukunci ko manhajar da ka zuba lissafin shagonka a ciki za ta kai baɗi ko ba za ta kai ba. Kuma a ganina batu ɗaya ne aka raba gida biyu: me zai faru ranar da wanda ka dogara da shi ya juya baya?

Ni gyaran waya nake yi, ban haɗa manhaja. Sai dai sakamakon abin a kan teburinmu yake sauka. Mutum zai zo ya ce manhaja kaza ta daina buɗewa, a duba masa wayar. Ka duba ma'ajiya akwai fili, ka duba data tana jan komai, wayar garau. Wani mai gyaran ma sai ya karɓi kuɗin filashin, a share wa bawan Allah hotunansa da lambobinsa, a sake sauke manhajar, ta sake ƙi. Ciwon ba a wayar yake ba. Yana can wajen wasu mutane da mai wayar bai taɓa gani ba, ko dai tubalin da suka yi gini a kai ya zube, ko kuma sun yi faɗa kowa ya kama gabansa.

To mene ne ma firemwok ɗin?

Tarin kayan aiki ne da wani kamfani ko wata ƙungiya ta riga ta haɗa, mai manhaja ya zo ya ɗora nasa aikin a kai. Maimakon ya zauna ya rubuta yadda maɓalli zai fito a sikirin, yadda shafi zai zame idan ka ja shi da yatsa, yadda za a nuna hoto, sai ya ɗauko wanda aka riga aka yi. Flutter na Google ne. React Native daga Facebook ya fito a 2015. Suna rage aiki sosai, abin da zai ci wata shida sai a gama shi a wata biyu. Amma shagon haya ne. Ka yi fenti, ka kafa kanta, ka ja wuta, duk daidai ne. Wanda ya haƙa rami a tsakiyar shagon haya ya binne akwatin kuɗinsa ya zuba kankare a kai, shi ne zai yi kuka ranar da mai shago ya kawo takardar tashi.

Kuma masu shagon nan suna kawo takardar tashi. Google ta fitar da AngularJS a 2010, jama'a suka yi ta gini a kai. A 2016 ta fitar da Angular 2, wanda sabon abu ne gaba ɗaya, aikin da aka yi da tsohon ba ya hawa kansa kai tsaye, sannan a ƙarshen 2021 ta daina kula da tsohon. Adobe ta rufe PhoneGap a 2020. Microsoft ta daina tallafa wa Xamarin a watan Mayun 2024. Facebook ta sayi Parse a 2013, wani wuri ne da ƙananan masu manhaja ke ajiye bayanan masu amfani da su, a Janairun 2016 ta sanar za ta rufe shi, ta ba su shekara guda su kwashe kayansu. Duba sunayen nan da kyau, babu ƙaramin kamfani a ciki. Girman mai shago ba ya hana shi tashin ɗan haya.

Misalin tsari mai kyau yana aljihunka, ba sai mun je Amurka ba. Asusunka na banki. Kana shiga ta manhajar waya. Idan ba data ka danna *737# in GTBank kake, ko *894# in First Bank ne. Kana cire kuɗi a ATM, kana zuwa wajen mai POS, kana shiga cikin banki ka bi layi. Ƙofofi biyar ke nan, amma lissafin kuɗinka ɗaya ne kuma ba a cikin ko ɗaya daga ƙofofin yake zaune ba. Banki zai iya jefar da manhajarsa gobe ya kawo sabuwa da aka haɗa da wani firemwok daban, ko kwabo ba zai ɓace maka ba. Abin da masu haɗa manhaja ke nufi da tsarin da bai dogara da firemwok ba ke nan: a ware zuciyar aikin, wato dokokin lissafi da bayanan mutane, a gefe guda, sannan sikirin da maɓallai da wurin ajiya su zama ƙofofi da za a iya cirewa a sa wasu.

Wani masani mai suna Alistair Cockburn ya yi bayanin wannan tsari a 2005, kuma sunan da ya ba shi ya burge ni, domin da yaren sana'armu ya yi magana: bakin caji da adafta. Waɗanda suka riƙe waya tun da daɗewa za su tuna lokacin da Nokia ke da caja mai babban baki da mai ƙaramin baki, Samsung da tata, Sony Ericsson da tata, ka je gidan mutane da waya a mace a fito maka da caja uku babu wadda ta shiga. Yanzu kusan kowa ya koma USB-C, har iPhone 15 ta shigo layi a 2023, bayan Tarayyar Turai ta kafa doka a kan hakan. Wayar ba ruwanta da ko wutar daga soket ta fito, ko daga fawa bank, ko daga sola. An yi yarjejeniya a kan baki, shi ke nan.

Mu masu gyara kullum muna ganin bambancin. Akwai wayar da bakin cajinta ke kan ƙaramin bod na ƙasa, an haɗa shi da babban bod da fileks. Idan ya lalace, ka kwance 'yan sukurori, ka cire, ka sa sabo, kafin mai wayar ya gama shan ruwan leda an gama. Akwai kuma wadda aka liƙa bakin cajin a jikin babban bod, kusa da wasu ƙananan kaya masu tsoron zafi. Wannan sai an kunna hita, sai an yi a hankali, kuma idan hannu ya ɗan goce, matsalar caji ta koma matsalar waya ba ta kunnuwa. Ranar da aka saye su a kwali, duka biyun caji suke yi daidai, babu mai gane bambanci. Sai ranar gyara. Haka manhaja take. Wadda aka cakuɗa komai da komai da wadda aka ware sassanta, a ranar farko kamanninsu ɗaya a sikirin ɗinka.

Babban gwajin da ya faru a idonmu shi ne na Huawei. A watan Mayun 2019 gwamnatin Amurka ta sa kamfanin a jerin waɗanda aka hana kamfanoninta hulɗa da su. Daga nan sababbin wayoyinsa, irin su Mate 30 da P40 da nova 7i, suka riƙa fitowa babu Play Store, babu Gmail, babu hidimomin Google da ke aiki a ƙarƙashin ƙasa. Wayoyi masu kyau, kyamara kamar me, amma mutum ya saya ya zo yana roƙo a sa masa Play Store. A nan aka gane wace manhaja ce ke tsaye da ƙafarta. Wasu ka sauke su ta wata hanya su yi aiki lafiya. Wasu su buɗe amma taswira ta fito fari fat, ko saƙon sanarwa ya daina shigowa sai ka buɗe manhajar da kanka. Wasu kuwa ko buɗewa ba sa yi, sai su ce sai da hidimomin Google. WhatsApp yana aiki, amma ajiye kwafin hira a Google Drive babu shi. Mai manhajar da ya ware taswira da sanarwa a matsayin ƙofa, sauya ƙofar kawai ya yi ya sa ta Huawei. Wanda ya cusa Google a kowane lungu na aikinsa, ko dai ya sake gini, ko ya haƙura da masu wayar Huawei gaba ɗaya. Da yawa haƙura suka yi.

Na san abin da wani ɗan uwa mai haɗa manhaja zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce, Malam, kai ba ka san yadda kasuwar take ba. Mai aiki ya ba ka kuɗin da bai taka kara ya karya ba, yana son abu cikin sati uku, kai kuma kana maganar ware sassa kamar kana gina wa babban banki. Gaskiya ne, wannan tsari yana cin lokaci, yana ƙara yawan rubutu, kuma akwai masu wuce gona da iri, su yi ta gina ƙofofi ga ɗakin da ko rufi ba a yi masa ba. Manhajar gayyatar biki ko ta taron kwana biyu, a haɗa ta yadda aka ga dama, bayan sati ba mai nemanta. Amma da zarar manhaja ta fara riƙe kuɗin mutane, bashin da ake bin kwastomomi, sakamakon jarrabawar ɗalibai, ko bayanan marasa lafiya, uzurin sauri ya ƙare. Ba a ce kada a yi amfani da Flutter ba. A yi. Abin da ake cewa shi ne lissafin "wane ya biya, wane bai biya ba" kada a rubuta shi a cikin maɓallin da ake dannawa, kuma bayanan su kasance a sigar da za a iya kwashewa.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi ci min rai, rigima.

Duk wanda ya daɗe yana filashin wayoyin Android ya san CyanogenMod. Tun wajen 2009 wasu masu sha'awa suka fara shi, wani nau'in Android ne da ake ɗora wa waya a maimakon wanda ta zo da shi. Tsohuwar wayar da kamfaninta ya manta da ita, ka ɗora mata shi ta dawo da kuzari da sabon Android. A 2013 aka mai da shi kamfani, kuɗin masu zuba jari suka shigo, daga nan ƙorafi ya fara tsakanin masu aikin sa kai da masu kamfani. A 2014 wayar OnePlus One ta fito da shi a ciki. Kafin shekarar ta ƙare, kamfanin Cyanogen ya ƙulla yarjejeniya da Micromax cewa su kaɗai za su yi amfani da shi a Indiya, magana ta kai kotu a Delhi, har aka dakatar da sayar da OnePlus One na ɗan lokaci a can. OnePlus ta ga ba za ta zauna a gidan aro ba, ta fito da nata OxygenOS a 2015. Cikin kamfanin Cyanogen kuma aka yi ta sallamar ma'aikata da sauya shugabanni, har a Disambar 2016 suka sanar da rufe hidimominsu kafin ƙarshen watan. Masu wayoyin da ke jiran sabuntawa ba a tambaye su ba.

Abin da ya ceci aikin shi ne kod ɗin a buɗe yake, ba a kulle a aljihun mutum ɗaya ba. Masu aikin sa kai suka ɗauki kwafi suka ci gaba da sabon suna, LineageOS, kuma har yau yana nan. An rasa suna, an rasa sabobi, amma zuciyar aikin ta fita da ranta.

Ga wani labarin da ya fi wannan ban mamaki. A watan Maris na 2016, wani mai haɗa manhaja, Azer Koçulu, ya samu saɓani da kamfanin Kik a kan sunan wani ɗan aiki da ya sa a npm, rumbun da masu rubuta JavaScript ke ɗaukar kayan juna. Masu rumbun suka ba kamfanin gaskiya. Ransa ya ɓaci, ya kwashe ayyukansa sama da 250 daga rumbun. A ciki akwai wani ɗan mitsitsi mai suna left-pad, bai kai layi 20 ba, aikinsa kawai ya cike gurbi a gefen hagu na rubutu. Ashe dubban ayyuka sun jingina da shi, wasu ma ba su san suna amfani da shi ba, domin abin da suka ɗauko ne ya ɗauko shi. Cikin sa'o'i aiki ya tsaya wa mutane a faɗin duniya, sai da masu rumbun suka dawo da shi da kansu. Fushin mutum ɗaya da layukan da ɗalibi zai iya rubutawa. A nan za ka ga dalilin da na ce batun dogaro da batun rigima abu ɗaya ne.

Ba kowane faɗa ne ke ƙarewa da baram-baram ba. Node.js, wanda ake amfani da shi wajen haɗa ɓangaren saba na manhajoji masu yawa, yana ƙarƙashin kulawar kamfanin Joyent ne a da. Masu aiki a kansa suka gaji da jan ƙafa da kuma yadda kamfani ɗaya ke riƙe da wuƙa da nama, sai a Disambar 2014 wasunsu suka ɓalle suka kafa io.js. Ba a yi shekara ba aka dawo aka haɗe: a 2015 aka kafa gidauniya mai zaman kanta, aka ɗora yanke shawarar fasaha a hannun kwamiti, a Satumba aka fitar da Node.js 4 da ya haɗa aikin ɓangarorin biyu. Lura da abin da ya kawo sulhun. Ba taruwa aka yi aka ce "ku yi haƙuri, ku yafi juna" aka watse ba. An zauna an rubuta wa ke da ikon yanke me, ta wace hanya, kuma idan an kasa daidaitawa me za a yi.

A nan ne nake ganin muna da rauni. Mu mutane ne masu kunya da kara, kuma abu ne mai kyau, amma a harkar aiki yana cutar da mu. Abokai uku za su haɗu su yi wa wata makaranta ko wani kanti manhaja. Saboda ana ganin girman juna, ba wanda zai iya buɗe baki ya ce a rubuta kason kowa. Asusun Play Console, wanda ake biyan dala 25 sau ɗaya a buɗe, da imel ɗin mutum ɗaya aka buɗe shi. Sunan shafin intanet da katin wani aka biya. Kod ɗin yana kan kwamfutar na ukun. Kuɗi na shigowa sai gunaguni ya fara, wannan ya ce shi ya fi wahala, wancan ya ce ai shi ya kawo aikin. Ba za a yi maganar gaba da gaba ba, sai a koma habaici a status. Wata rana ɗaya ya fita daga guruf ya daina ɗaga waya. Ana iya mayar da manhaja daga wani asusun Play zuwa wani, amma sai mai asusun ya yarda ya tura. Idan ya ƙi, sauran ba su da hanyar sabunta ta, sai dai su fito da wata sabuwa su roƙi mutane su sake saukewa.

Manhajar da aka yi watsi da ita kuwa ba ta daɗewa. Google tana da ƙa'ida cewa manhajar da aka daɗe ba a daidaita ta da sababbin nau'o'in Android ba, za ta daina bayyana a Play Store ga sababbin masu nema da ke riƙe da sabuwar waya. Android 14 ma ƙin karɓar manhajar da aka yi wa Android ɗin da ya girmi na 6 yake yi. Shi ya sa za ka ga abu yana aiki a tsohuwar wayarka, ka sayi sabuwa ka neme shi ka rasa.

Zo mu zauna, zo mu saɓa, wannan ba sabon abu ba ne. Ko a kasuwar waya, yaro da ogansa suna saɓawa, masu shago ɗaya suna saɓawa, shi ya sa ƙungiyoyin kasuwa ke da dattawan da ake kai wa ƙara. Abin da nake so masu shirya tarukan fasaha su riƙa koya wa matasa shi ne a shirya wa saɓani tun ana dariya. A buɗe asusu da sunan aikin, mutum biyu aƙalla su iya shiga. Kod ya zauna a wuri irin GitHub inda kowa ke ganin abin da aka canza da wanda ya canza. Idan an yanke shawara, a rubuta ta da dalilinta ko da layi biyar ne, domin bayan wata shida kowa zai tuna abin da ya yi masa daɗi ne kawai. A kuma amince tun farko da mutumin da za a kai wa magana idan ta gagara.

Wani abin da na lura da shi, kuma shi ne ya fi ba ni dariya: mafi zafin musun da masu haɗa manhaja ke yi a kan firemwok ne. Wannan ya rantse da Flutter, wancan ya ce in ba Kotlin ba shi ba ya aiki, kamar 'yan Barcelona da 'yan Madrid a gidan kallo. Musun yana zafi ne saboda a aikin da aka cakuɗa, zaɓin firemwok aure ne da babu saki, wanda ya sha kaye ya sha ke nan har abada. Idan kuwa an ware zuciyar aikin, zaɓin ya zama na gwaji: mu yi da naka, idan bai yi ba bayan wata uku mu sauya. Wa zai ɓata zumunci a kan abin da za a iya sauyawa? Kamfanin Airbnb ya shiga React Native a 2016 ya fita a 2018, kuma a bayanin da injiniyoyinsa suka wallafa sun ambaci matsalolin tsarin ma'aikata tare da na fasaha. Sun fita, manhajarsu ba ta mutu ba. Haka kuma idan sassa a ware suke, kowa yana da ɗakinsa, mai sikirin ba ya taka ƙafar mai lissafi, dalilin faɗa ya ragu tun kafin a kira dattijo.

To kai da ba ka haɗa manhaja, ina ruwanka? Ba za ka iya leƙa cikin kod ba, amma akwai alamun da ake gani daga waje.

Kafin ka zuba wa manhaja abu mai muhimmanci, kamar littafin bashi ko lissafin kaya, shiga saitinta ka nemi hanyar fitar da bayananka. Idan tana ba ka fayil na Excel ko CSV ko PDF da za ka iya buɗewa a wani wuri, masu ita sun yi tunanin ranar rabuwa. Idan ka zagaye ko'ina babu, to duk abin da ka rubuta a ciki nasu ne, aro suke ba ka. Ni a wajena wannan ita ce tambaya ta farko, ta fi kyawun launi da yawan taurari. Sannan a Play Store ka gangara wajen bayanin manhajar ka ga ranar da aka yi mata sabuntawa ta ƙarshe. Idan an haura shekara biyu shiru, kuma ƙorafin mutane a ƙasa babu mai amsawa, wataƙila gidan babu kowa. Ka duba kuma ko ana iya shiga ta burawuza, domin manhajar da ke da ƙofa biyu alama ce cewa bayanan ba a jikin ƙofar aka liƙa su ba.

Wajen rajista, idan an ba ka zaɓi tsakanin shiga da Facebook da shiga da imel, ɗauki imel. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan sa'o'i shida, kuma ko ba wannan ba, kullum ana kwace wa mutane asusun Facebook. Idan shi ne makullin wurare goma, ranar da ya tafi wurare goma sun rufe. 'Yan kasuwar da duk cinikinsu ke kan Twitter sun ɗanɗana irin wannan lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da shi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Lambobin kwastomominka su zauna a wurin da kai ke da iko da shi.

Lambobin waya ma, shiga manhajar lambobi, ka nemi wajen fitarwa, za ta ba ka fayil mai ƙarewa da vcf. Wannan fayil Tecno na karanta shi, Samsung na karantawa, iPhone na karantawa, kwamfuta ma haka. Tura shi imel ɗinka ka ajiye. Hotuna da takardun da ke Google kuma, akwai Google Takeout da ke ba ka damar sauke kwafinsu. Hirar WhatsApp mai muhimmanci, irin wadda aka yi cinikin fili ko aka karɓi bashi a ciki, buɗe hirar, danna ɗigo ukun nan na sama, ka nemi "Export chat", ka tura wa kanka. Kwafin da WhatsApp ke ajiyewa a Google Drive shi kaɗai ke iya buɗe shi, kuma sai wajen 2022 ma aka samu hanyar hukuma ta kai hira daga Android zuwa iPhone. Kada ka ce ai komai yana cikin wayar, mai gyara zai ciro. Sababbin wayoyi a kulle suke ajiye bayanai, makullin yana haɗe da furosesar wayar, idan bod ya mutu murus sau da yawa babu abin da za mu iya ciro maka.

Masu kantuna da makarantu da asibitoci masu zaman kansu da ke ba da kwangilar haɗa manhaja, ku kuma naku ya fi nauyi, domin bayanan wasu kuke riƙe da su. Kafin ku biya kason farko, ku tambayi yaron: da sunan wa za a buɗe asusun Play da sunan shafin? Ku ce da naku, shi a ba shi izinin shiga. Ku tambaya ina kod zai zauna, ku ce a sa ku a ciki ko da ba ku iya karanta shi ba. Ku tambaya, idan Allah ya yi maka tafiya karatu ko ka samu aiki a Legas, wani zai iya ɗorawa daga inda ka tsaya? Kuma ku sa ya nuna muku, a gabanku, yadda ake fitar da dukkan bayanan zuwa fayil. Mai gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, wani ma daɗi zai ji ya samu mai aikin da ya san abin da yake so. Wanda ya fara cewa "Alhaji ai ba sai an kai ga haka ba, ni da kai ai ɗaya ne", ku dakata da biyan kuɗin tukuna har sai an rubuta a takarda kowa ya sa hannu.